Shekarar 2005: hatsi na kasuwa, yara na mutuwa

Yau za mu koma 2005, shekarar da har yanzu iyaye mata a Madarunfa, Gidan Rumji da Tasawa ba su son tuna ta.

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna ta arewa. Amma mu da muke Maraɗi mun gani da idonmu, hatsi bai yanke a kasuwa ba. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Kafin tsakiyar daminar 2005, buhun da manomi ya saida da arha da kaka don ya biya bashi ya kai wajen jikka 30. Mai kuɗi ya ci tuwonsa. Mai ƙaramar gona ya koma tafasa da anza.

A gidan likita ma hakan take. Tun bayan shirin Bamako na 1987 aka kawo tsarin biyan kuɗi kafin a duba majinyaci. Uwar da ba ta da kuɗin tiya guda, ina za ta samu na takarda da na mota? Sai ta jira. Zazzaɓi da zawo su haɗu da yunwa, yaro ya kumbura. A shekarar nan MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kuma jihar Maraɗi, rumbun ƙasar, ita ce kan gaba.

Gwamnatin Tandja Mamadu ta fara da saida hatsi da rahusa, sai daga baya aka shiga rabon kyauta. A 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki sun zama kyauta. Mata sun cika asibitoci, wanda ya nuna dā ma ba ƙin likita suke ba, kuɗi ne babu. Sai dai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitocin, magani ya riƙa yankewa, aka koma miƙa wa uwa takarda a ce ta tafi farmasi.

To jama'a, in muka ga uwa ta kawo ɗanta a makare, kafin mu ce sakaci ne, mu tambaye ta nawa ta biya kabu-kabu, kuma me aka ci jiya a gidanta.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka.