Daga Tafinta zuwa Sakatare: Tafiyar Ilimin Mulki a Ɗan Kassari

A zamanin Faransawa, kumandan na Dogon Dutsi ba ya ganawa da mutanen Arewa sai ta bakin tafinta, kuma abin da tafinta ya ga dama ya fassara, shi ke isa kunnen sarki da talaka. Bayan samun mulkin kai a 1960, su-prefe ya gaji kujerar kumandan, amma takardun mulki suka ci gaba da zama cikin Faransanci, a hannun ma'aikatan da Yamai ke turowa.

Zaɓen 24 ga Yuli 2004 ne ya kawo majalisu a komin 265 na Nijar. Ɗan Kassari na cikinsu, tare da Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. A nan, kamar sauran karkara, aka zaɓo manoma da makiyaya da ƴan kasuwa, da yawansu ba su shiga lakwal ba, aka ɗora musu nauyin amincewa da kasafin kuɗi da tsarin raya komin.

To, ta ina ilimin aikin ke iso musu? Sakatare janar ke shirya takardun zama, mai karɓar kuɗi ke bayyana abin da lanho da harajin kasuwa suka kawo, malaman gona da na dabbobi da na daji kuwa su ba da shawara, ko da yake albashinsu da umurninsu daga gwamnati suke fitowa. A zauren majalisa a karanta da Faransanci, a taƙaita da Hausa. Su ma zaɓaɓɓun ba hannu rabbana suke zuwa ba: su suka san rijiyar da ta ƙafe da burtalin da gonaki suka cinye, abin da ma'aikacin da aka turo bara bai sani ba.

Raunin wannan tsari shi ne fassarar baki ba ta barin sawu. In an canja wa ma'aikaci wurin aiki, ya tafi da saninsa. In zaɓe ya zo, kamar na 2011 da na 2020, sababbin kansiloli su fara daga tushe. Wanda kuwa ya ɗaga hannu kan kasafin da bai iya karantawa ba, bai fita daga hannun tafinta ba.

A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun, suka naɗa wakilai a madadin magadan gari. A 2025 kundin sabunta ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Aikin da ya rage namu ne, malamai da ƙungiyoyin al'adu: mu daidaita kalmomin kasafi da na doka, mu rubuta su da Hausa, domin duk ranar da majalisa ta sake zama a Ɗan Kassari, kansila ya karanta da idonsa kafin ya ɗaga hannu.