Yadda Kuɗin Talabijin Ya Raba Jami'o'in Amurka da Maƙwabtansu

 Yau zan ɗan fita da ku waje, zuwa Amurka, domin akwai wani tarihi na wasannin jami'o'insu da na daɗe ina bibiya, wanda na tabbata duk wanda ya tashi a gidan kasuwanci zai gane kansa tun kafin a gama ba shi labari.

Da farko sai mai karatu ya ajiye hoton wasannin jami'o'inmu na nan a gefe guda. A can, wasan jami'a babbar kasuwa ce. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kuma cika yake yi. Wasan da ya fi kawo kuɗi shi ne wanda su suke kira ƙwallon ƙafa, amma in ka kalla za ka ga ya fi kama da zari-ruga, an sa hular kwano ana ture juna. Ƙwallon kwando ke biye masa, da tazara mai yawa. Jami'o'in nan kuwa an kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni yana shirya gasarsa, yana sayar da wasanninsa, yana raba wa 'ya'yansa abin da aka samu.

Asalin rukunonin maƙwabtaka ce ta haɗa su. Big Ten, wato manya goma, an kafa shi a 1896 tsakanin jami'o'in da ke kewayen Shikago. Na bakin tekun yamma, wanda daga baya ya zama Pac-12, tushensa 1915 ne. SEC na kudu maso gabas an kafa shi a ƙarshen 1932. Lissafin wancan zamani mai sauƙi ne: wa jirgin ƙasa zai kai mu wurinsa mu yi wasa ranar Asabar mu dawo aji ranar Litinin? Daga nan aka gina adawa irin ta 'yan gida ɗaya, kaka ya gadar wa jika, gari da gari suna yi wa juna ba'a shekara da shekaru.

Da talabijin ta shigo, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, wato NCAA, sai ta tsorata kada mutane su zauna a gida su bar filaye fanko. Tun farkon shekarun 1950 ta riƙe cinikin a hannunta. Ita ce dillaliya ɗaya tilo, ita ke sayar wa gidajen talabijin wasanni, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Sama da shekara 30 ana haka. Manyan jami'o'i suna ta gunaguni, domin su jama'a ke son kallo, amma an hana su su kai hajarsu kasuwa da kansu. A 1977 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyarsu mai suna CFA, a 1981 kuma suka ƙulla ciniki da NBC a bayan idon hukumar. Hukuma ta ce za ta hukunta duk wanda ya shiga. Jami'ar Oklahoma da ta Georgia suka garzaya kotu.

A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 7 suka goyi bayan jami'o'in, 2 suka ƙi. Kotu ta ce tsarin hukumar ya saɓa wa dokar hana kankane kasuwa. Wani abin lura shi ne, Mai shari'a Byron White, wanda ya rubuta ra'ayin waɗanda suka ƙi, shi kansa shahararren ɗan wasan nan ne a Jami'ar Colorado lokacin ƙuruciyarsa, kuma tsoronsa shi ne kada neman riba ya rinjayi karatu. A tawa fahimtar, duk abin da ya biyo baya daga wannan rana ya faro. Da farko ma farashi faɗuwa ya yi, don kaya sun cika kasuwa, kamar dai a sauke motocin albasa goma rana ɗaya a Mile 12. To amma kowa ya riga ya gane cewa yanzu ƙarfin rukuni ya dogara ne da yawan gidajen da za su kunna akwati don su gan shi.

Notre Dame ce ta fara ɓallewa. A 1990 ta sayar wa NBC wasanninta na gida ita kaɗai. A shekarar ne Big Ten ya karɓi Penn State, suka zama 11 amma ba su canza suna ba (yau su 18 ne, kuma har yanzu sunan manya goma suke amsawa, ka ji mutanen jami'a da lissafi). SEC kuma ya gano wata doka da ke cewa rukunin da ya kai jami'o'i 12 zai iya rabuwa gida biyu ya shirya wasan ƙarshe. Nan da nan ya ɗauko Arkansas da South Carolina, a 1992 aka buga wasan ƙarshe na farko a Birmingham ta jihar Alabama. Wasa ɗaya tak, amma sabuwar haja ce ta sayarwa.

Nan ne labarin ya ɗan taɓo mu 'yan Legas. Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas, ƙwallon kwando ya buga wa Jami'ar Houston, ya kai ta wasan ƙarshe na ƙasa a 1983 da 1984. Rukunin da ya buga a cikinsa, Southwest, an kafa shi tun 1914, amma yau babu shi. Bayan ficewar Arkansas duk 'ya'yansa a jihar Texas suke, wato kasuwa ɗaya ce kawai yake sayar wa talabijin, ga kuma abin kunya na ba 'yan wasa kuɗi a ɓoye, wanda ya sa aka dakatar da ƙungiyar SMU baki ɗaya a 1987. A 1996 rukunin ya mutu. Texas da Texas A&M da Texas Tech da Baylor suka haɗu da wasu takwas na maƙwabtan jihohi aka kafa Big 12. Baylor ƙaramar jami'a ce, amma gwamnan jihar ta lokacin, Ann Richards, a can ta yi karatu, mataimakinta Bob Bullock kuma ya bi ta Texas Tech da Baylor duka biyu. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Houston da Rice da TCU da SMU aka bar su a titi. Sai a 2023 Houston ta samu shiga Big 12, bayan shekara 27.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk wannan tarihi shi ne dabarar da Big Ten ya yi a 2007, ƙarƙashin shugabansa Jim Delany. Maimakon ya tsaya sayar wa wasu, sai ya haɗa gwiwa da Fox ya buɗe tasharsa ta kansa. A Amurka, tashoshin biya a dunƙule ake sayar da su, irin yadda muke biyan DStv a nan. Kamfanin da ke kai wa gidaje hoto yana biyan kowace tasha wani abu a kan kowane gida duk wata, ko an kalle ta ko ba a kalla ba. Kuma kuɗin da tashar Big Ten ke karɓa a jihar da rukunin ke da jami'a ya ninka wanda take karɓa a sauran jihohi sau da yawa. To kun ga lissafi ya juye. Ba a tambayar ko jami'a ta iya wasa. Ana tambayar gida nawa ne a jiharta.

Shi ya sa a 2014 aka wayi gari Rutgers da Maryland sun shiga Big Ten. Rutgers tana da tarihi, don ita da Princeton suka buga wasan jami'a na farko a 1869, amma ba a san ta da cin kofuna ba. Darajarta ita ce tana jihar New Jersey, dab da birnin New York. Maryland kuma tana kusa da Washington da Baltimore. Mu da muka tashi a kasuwa mun san wannan. Ana sayen rumfa da tsada ko da rufinta na yoyo, muddin a bakin ƙofar kasuwa take. Ita Maryland, tana cikin waɗanda suka kafa rukunin ACC a 1953, amma bashi ya yi mata katutu har ta soke wasanni 7 a 2012. Ta biya kimanin dala miliyan 31 ta saki 'yan uwanta na shekara 60.

A tsakanin 2010 da 2013 an yi ta wasoso. Nebraska ta tafi Big Ten, Colorado da Utah suka tafi yamma. ESPN ta ba Texas dala miliyan 300 na shekara 20 don a buɗe mata tashar kanta, abin da ya harzuƙa Texas A&M ta yi fushi ta koma SEC a 2012 tare da Missouri. Wasan Texas da Texas A&M, wanda aka fi shekara ɗari ana yi, ya tsaya cak har zuwa 2024.

Zagaye na baya-bayan nan ya fi duka muni. A Yulin 2021 Texas da Oklahoma suka bayyana cewa za su koma SEC, kuma suka yarda su bar wa Big 12 kimanin dala miliyan 100 don su fita da wuri, a 2024. A ƙarshen Yunin 2022 USC da UCLA, jami'o'i biyu na Los Angeles, suka ce sun koma Big Ten. Ba a yi wata biyu ba Big Ten ya sa hannu da Fox da CBS da NBC a kan sama da dala biliyan 7 na shekara 7. Pac-12 ya rasa babban birninsa. Dama kuma yana da ciwo a jiki, domin tashar da ya buɗe a 2012 shi kaɗai ya mallake ta ba tare da wani babban kamfani ba, kuma har ta rufe ba ta samu shiga DirecTV ba. Yana cikin jan ciniki yana jiran farashi ya tashi, sai Big 12 ya riga shi, ya sabunta da ESPN da Fox a ƙarshen 2022. Kuɗin masu saye ya ƙare a wata rumfar. Abin da ya rage shi ne tayin Apple na nunawa ta intanet, wanda ribarsa ta dogara da yawan waɗanda za su yi rajista. Shugabannin jami'o'i suka ga ba za su ci bashin gobe ba. Colorado ta fice a ƙarshen Yulin 2023. Ranar 4 ga Agusta, Oregon da Washington suka tafi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka tafi Big 12. Rukunin da ya haura shekara ɗari ya watse cikin yini guda.

Dubi yadda aka yi wa na baya kashin dankali. Oregon da Washington rabin kaso aka ba su, suka karɓa. Stanford da California, waɗanda ke bakin tekun Pasifik, suka shiga ACC, rukunin da sunansa ma na bakin tekun Atlantika ne, a kan ɗan kaso kaɗan. SMU kuwa, don dai a bar ta ta zauna cikin manya, ta yafe kuɗin talabijin na shekara 9, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ɗauki nauyi. Oregon State da Washington State, waɗanda ke ƙananan garuruwa, babu wanda ya taya. Su biyu aka bari da sunan Pac-12, suka shiga neman ƙananan jami'o'i irin su Boise State da Fresno State don su sake gina shi, wato su ma suka yi wa rukunin da ke ƙasa da su abin da aka yi musu.

Na san masu kallon ƙwallon Turai a cikinmu za su tuna gasar Super League da manyan kulob 12 suka so kafawa a Afrilun 2021, wadda magoya baya a Ingila suka fito titi suka rusa cikin kwana biyu. A Amurka kusan abu ɗaya aka yi, sai dai a hankali, jami'a ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ba a samu ranar da kowa zai fito ya ce a'a ba.

Waɗanda nake tausaya wa su ne ɗaliban ƙananan wasanni. 'Yan zari-ruga sau ɗaya suke wasa a mako, a jirgin da aka yi musu shata. Amma yarinya mai buga ƙwallon raga a UCLA, wadda ba ta da ko sisi a cinikin, ita ma sai ta tashi daga Los Angeles zuwa New Jersey, kusan kilomita 4,000, ta dawo ta rubuta jarrabawa. Tafiyar Legas zuwa Kano ce kusan sau huɗu. Kuma shekara da shekaru duk wannan dukiya ana tara ta ne a kan 'yan wasan da doka ta hana a biya su albashi, ana cewa ai ɗalibai ne, alhali masu horar da su suna kwasar miliyoyi. Wannan hujja ba ta iya tsayawa ba bayan an ga jami'o'in da kansu suna sayar da zumunci don kuɗi. A 2021 Kotun Ƙoli ta sake ka da NCAA, wannan karon alƙalai 9 duka, kuma a shekarar aka fara barin 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunayensu. A Yunin 2025 wata alƙaliya a Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Wannan sabon nauyi kuwa daga kuɗin talabijin ɗin nan zai fito, don haka wanda ke cikin ƙaramin rukuni ya ƙara shiga uku. Florida State a 2023 da Clemson a 2024 sun kai rukuninsu na ACC kotu suna neman hanyar fita daga yarjejeniyar da ta ɗaure su har 2036. An yi sulhu a Maris 2025, inda aka rage kuɗin fita, aka kuma amince wanda aka fi kallo a talabijin ya riƙa ɗaukar kaso mafi tsoka. Cinikin Big Ten da gidajen talabijin zai ƙare a 2030, na Big 12 kuma a 2031.