2.3 Tarihin Samuwar TeX da LaTeX

Kafin a shiga bayanin yadda ɗalibi zai fara aiki da wannan manhaja, ya kyautu a waiwayi asalinta, domin a can ne za a gane dalilin da ya sa sabon shiga kan sha wuya da ita.

Wanda ya ƙirƙiro TeX shi ne Donald Knuth, shehun malami a fannin ilimin kwamfuta a Jami'ar Stanford ta ƙasar Amurka. Juzu'i na biyu na littafinsa mai suna The Art of Computer Programming ya fito a 1969, lokacin da ake jera baƙaƙen dalma a maɗaba'a. Da aka zo sake buga shi, sai aka tarar an yi watsi da waccan hanya an koma ɗab'i ta hanyar hoto. Gwajin bugun da ya iso wa Knuth a 1977 bai gamsar da shi ba ko kaɗan. Wannan ne ya sa ya ɗaura ɗamarar tsara manhajar da za ta jera haruffa da alamomin lissafi da kanta. Ya zaci aikin 'yan watanni ne, amma sai da ya ci fiye da shekara goma. Zubin farko ya fito a 1978, aka sake rubuta shi a 1982, sannan zubi na uku ya biyo baya a 1990. Daga nan Knuth ya daina ƙara mata sabon abu, sai gyaran kurakurai kawai.

Abin lura a nan shi ne, Knuth ya yi TeX ne don biyan buƙatarsa, wato ta ƙwararre. Mai rubutu ba ya ganin kamannin shafi yayin da yake bugawa. Umarni yake rubutawa, sai daga baya manhajar ta fitar da shafin. Leslie Lamport ne ya rage wannan wahala a shekarun 1980 da ya ɗora LaTeX a kan TeX. Da ita marubuci zai ce kawai wannan babi ne, wancan jadawali ne, ita kuma ta kula da lambobi da tazara. An sabunta ta a 1994. A ganin mai wannan nazari, ba don Lamport ba da TeX ta tsaya a hannun 'yan tsiraru.

Sai dai an gina TeX ne da Ingilishi a zuciya, don haka babu baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ a cikin haruffanta na asali. A shekarun 1990 Jörg Knappen ya samar da haruffan fc domin harsunan Afirka, har da Hausa. A 2004 kuma Jonathan Kew ya fito da XeTeX, wadda ke karɓar waɗannan baƙaƙe kai tsaye, muddin nau'in harafin da aka zaɓa yana ɗauke da su.