BAYANI: Yadda ake sassaƙa sojan wasan yaƙi na kan teburi, da rigimar wane ne mai shi

Wasan yaƙi na kan teburi wasa ne da mutum biyu ko fiye ke jera ƙananan mutum-mutumin sojoji, su auna tazara da tef, su jefa ƙwayar lido domin sanin wanda harbinsa ya samu. Yawancin sojojin tsawonsu kusan milimita 28 ne, wato ba su kai ɗan yatsa ba. A cikin masu wasan akwai waɗanda ba su gamsuwa da abin da kamfani ya sayar. Sukan yanka soja, su sauya masa kai ko hannu, su sassaƙa masa sabuwar sura.

Asalin wasan

A 1824 wani hafsan Purushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar da Kriegsspiel domin horar da hafsoshi dabarun yaƙi a kan taswira. A 1913 marubucin Ingila H.G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin da ya kai wasan gidajen farar hula. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 kuma hedikwatarsa ke Nottingham a yau, ya fitar da Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987. A Disamban 2024 ya shiga FTSE 100, jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan.

Yadda ake aikin

Hanya mafi sauƙi ita ce haɗa sassa daga akwatuna daban-daban: kai daga wannan, takobi daga wancan. Ana yanka da wuƙa mai kaifi ko siririn zarto, a goge wurin da magagari. Idan sojan na roba ne, akwai gam ɗin da ke narkar da fuskokin biyu su zama abu guda. Na ƙarfe ko na rezin kuwa sai gam mai saurin kamawa, kuma shi kaɗai ba ya riƙe hannu mai nauyi. Don haka ake huda ɓangarorin biyu, a cusa guntun waya a tsakani.

Mataki na gaba shi ne sassaƙa. Abin da aka fi amfani da shi wani danƙo ne da ake kira Green Stuff. Yana zuwa kala biyu, rawaya da shuɗi. Idan aka murza su tare har suka zama kore, danƙon ya fara aiki: yana saurarawa kamar awa ɗaya, ya gama ƙanƙarewa cikin kwana guda. Akwai kuma Milliput na ƙasar Wales, wanda ya fi tauri kuma yana goguwa da sanfefa, shi ya sa ya dace da sulke da makamai.

Ana jiƙa kayan aiki da ruwa ko basilin domin kada danƙon ya manne musu. Mai son gina soja tun daga tushe yakan fara lanƙwasa waya ta zama ƙashi, ya ɗora tsoka, ya jira ta bushe, sannan tufafi, sannan fuska. Wanda ya yi gaggawa, yatsansa zai lalata abin da ya gama. Ƙurar rezin tana cutar da huhu, saboda haka ana goge shi a jiƙe, da takunkumi a fuska.

Inda rigimar take

Babu mai hana mutum yanka sojan da ya saya da kuɗinsa. Matsalar tana tasowa ne idan ya fara sayar da sassan da ya ƙera. A 2010 Games Workshop ya maka wani ƙaramin kamfani na Texas, Chapterhouse Studios, a kotun tarayya da ke Chicago, bisa zargin keta haƙƙin mallaka ta hanyar sayar da sassan da suka dace da sojojinsa. A Yunin 2013 hukunci ya fito a rabe: Games Workshop ya yi nasara a wasu iƙirarin, ya faɗi a wasu da dama, aka ba shi diyyar dala 25,000.

Bayan shari'ar, kamfanin ya sauya sunayen wasu rundunoninsa zuwa ƙagaggun sunayen da suka fi sauƙin karewa a doka. Imperial Guard, misali, ta koma Astra Militarum a 2014. A gasannin da kamfanin ke shiryawa da kansa kuma, sharaɗi ne soja ya kasance daga kayansa, ko da an sauya masa kama.

Na'urar ɗab'i ta 3D ta ƙara zafafa batun. A yau mai zane zai iya sassaƙa kai ko garkuwa a kwamfuta, ya sayar da fayil ɗin ta intanet, mai saye ya buga shi a ɗakinsa. Kamfanin na ganin kuɗin da ya zuba wajen ƙirƙirar duniyar wasan ne ake ci ba da izini ba. 'Yan wasa da dama kuwa na ganin abin da suka saya nasu ne, kuma babu wanda ya mallaki siffar kwalkwali ko takobi. Irin wannan muhawarar ce ake yi a kan 'yancin gyara waya ko mota ba tare da komawa wurin wanda ya ƙera ta ba.