Suturar Hoto a Matsayin Shaida: Nazari kan Adana Fuskar Ginin Ƙasa na Madarunfa a Samfurin Dijital

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dabarar ɗaukar hoton bango a lulluɓa shi a kan samfurin dijital, ta kuma auna ta da ginin ƙasa irin na Madarunfa a jihar Maraɗi. Matsayarta ita ce, a ginin da ake sabunta yaɓensa, hoton da aka lulluɓa shaida ce ta rana guda. Saboda haka tilas ya zo da kwanan wata, kuma duk gyaran da aka yi masa a bayyana shi.

Muhimman kalmomi: suturar hoto, awo da hoto, yaɓe, makuba, Madarunfa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2006 Jamhuriyar Nijar ta shigar da kurmin Madarunfa da tafkinta da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin share fage na wuraren tarihin duniya na UNESCO, shekara ɗaya da unguwar Birni ta Damagaram da fadar sarkinta. Tsohon garin Agadas ya haye wannan mataki a 2013. Wurin da ke neman irin wannan matsayi sai an fayyace kamanninsa dalla-dalla, kuma a yau samfurin dijital na cikin kayan wannan aiki. Samfurin kashi biyu ne. Akwai ƙwarangwal, wato siffar ginin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, akwai kuma sutura, wato hoton da ake lulluɓa wa ƙwarangwal ɗin. Masu aikin sun fi ba wa ƙwarangwal muhimmanci, suna ɗaukar sutura ado kawai. Wannan maƙala na ganin cewa a ginin tubali lamarin ba haka yake ba.

2.0 Yadda Ake Ɗinka Suturar

Mai ɗaukar hoto yakan zagaya ginin yana ɗauka, kowane hoto na haɗuwa da na gabansa da kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Manhaja irin su Metashape ko Meshroom sai ta nemo ɗigogin da suka maimaitu a hotunan, ta lissafa inda kyamara ta tsaya, ta fitar da siffar bangon, sannan ta yanko launin kowane gurbi ta shimfiɗa a kai. A nan ginin ƙasa ya ɗara na siminti mai sulɓi, domin shatin yatsun magini da guntayen ciyawar kwaɓi duk alamomi ne da manhaja ke kamawa. Sai dai ƙididdiga na da hukunci. Bango mai faɗin mita 10 da aka ba wa sutura mai ɗigo 4096 zai sami kusan milimita 2.4 a kowane ɗigo, tsaga mai faɗin milimita 5 za ta bayyana. In aka rage zuwa ɗigo 1024 don samfurin ya yi sauƙin buɗewa a waya, kowane ɗigo ya kusa santimita ɗaya, tsagar ta narke cikin launin da ke kewaye da ita. Ke nan mai rage nauyin fayil yana zaɓar abin da tarihi zai gani ne, ko ya sani ko bai sani ba.

3.0 Bangon Ƙasa da Lokaci

Bangon ƙasa ba ya zama da fuska guda. Hadarin damina a wannan yanki galibi daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ne ke fara zaizayewa, ƙarƙashin indararo kuma ruwa ya ja layi. Da rani magina su sake yaɓe, wani da makuba ta kwasfar ɗorawa, wani da siminti. Wanda ya san aikin, in ya dubi bango zai faɗi yaushe rabonsa da yaɓe, ya nuna inda hannu ya canja. Wannan ilimi duka a fuskar bango yake, ƙwarangwal ba ya riƙe shi. Haske ma na da tasa rawar. Madarunfa na kusa da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana na bi ta arewa da tsakar ka, a Disamba kuwa ba ta wuce kimanin digiri 53 ta kudu. Zanen dagi da ke ƙofar zaure zai fito raɗau da inuwarsa a hantsin hunturu, ya kwanta lumus a ranar da hazo ya rufe sama. Suturar da ba ta ɗauke da rana da sa'a da yanayin sama tamkar shaida ce da ba a san yaushe ta ga abin da take faɗa ba. Mafi muni shi ne a yanko mita ɗaya ta bango a yi ta maimaita ta har ta rufe ginin, domin abin da ya fito bango ne da babu maginin da ya taɓa yaɓa shi.

4.0 Suka da Amsa

Suka ta farko ita ce, ƙwarangwal ya wadatar ga mai son sake gini. Abin da ya faru a Tumbuktu bai goyi bayan haka ba. Bayan rushe hubbaren waliyyai a 2012, maginan garin ne suka sake tayar da su zuwa 2015, kuma tsofaffin hotuna da bayanin dattawa na cikin abin da aka dogara da shi. Maraɗi kanta ta san darajar irin wannan shaida, tun da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke kwari aka koma tudu.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: inuwar da ta manne a hoto takan ɓata samfuri in aka haska shi ta wani ɓangare, don haka dole a goge ta. Wannan gaskiya ce, amma ba ta hana a ajiye kwafi biyu ba, na asali da gogagge, a kuma rubuta abin da aka taɓa. Yarjejeniyar Landan ta 2009 kan siffanta kayan tarihi da kwamfuta abin da ta nema ke nan, a rarrabe wa mai kallo abin da aka gani da abin da aka ƙiyasta.

Suka ta uku ta shafi tsada da kuma hurumi. Game da tsada, awo da hoto ba ya buƙatar na'urar leza. Kyamara da sandar awo da katin daidaita launi sun isa, kuma ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi na iya komawa bango guda sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, abin da baƙon da ya zo na mako ɗaya ba zai iya ba. Game da hurumi kuwa, kabari wurin ziyara ne, cikin gida kuma yana da sirrinsa. Izinin masu kula da wurin da na maigida sharaɗi ne, kuma inda suka ce kyamara ta tsaya, a bar gurbin fari a samfurin, kada a cike shi da ƙage.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a ginin ƙasa tarihin aikin magini a yaɓe yake rubuce, kuma yaɓe ba ya jiran kowa. Abin da ya dace da Madarunfa shi ne jerin suturu masu kwanan wata a kan ƙwarangwal ɗaya, kowace da sunan maginin da ya yi yaɓen in ya yarda, da kayan da ya kwaɓa, a kuma ajiye hotunan asali a Maraɗi inda masu ginin za su iya kai wa gare su. Wanda ya buɗe irin wannan samfuri bayan shekara ashirin zai ga yadda damina ta ci bangon gabas, ya kuma ga hannun da ya mayar da shi.