Wa ke ware wa talaka fili idan gari ya faɗaɗa?

Tun kafin Birnin Kebbi ta zama hedikwatar jiha a 1991, doka ta riga ta yanke wanda zai raba filayenta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Shi ke ayyana inda ya zama birni, shi ke sa hannu a takardar mallaka. Ƙaramar hukuma kuwa ikonta ya tsaya a ƙauye. Ga Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin Turawa sun shimfiɗa irinsa tun 1910.

Sai dai babu inda dokar ta wajabta wa mai raba filaye ya keɓe wani kaso domin masu ƙaramin ƙarfi. Wasu ƙasashen sun bi ta wannan hanya. A 1975 kotun ƙolin jihar New Jersey ta Amurka, a shari'ar Mount Laurel, ta hana garuruwa amfani da dokokin tsara gari su toshe wa talaka hanyar zama. Faransa a 2000 ta ɗora wa manyan garuruwa wajibcin kashi 20 cikin 100 na gidajen rangwame.

Mu a nan gwamnati ta gwammace ta ɗauki bulo da siminti da kanta. Shugaba Shehu Shagari, ɗan tsohuwar Jihar Sakkwato da ta haɗa da Gwandu da Kalgo, ya yi alkawarin gidaje 40,000 a kowace shekara, 2,000 a kowace jiha, akasarinsu masu ɗakin kwana ɗaya. Nan dokar 1978 ta yi masa tarnaƙi: kuɗi na tarayya, fili na gwamna. Wasu gwamnonin adawa suka ja ƙafa, wasu suka ba da fili can bayan gari, inda ba ruwa, ba motar haya. Sojoji suka kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983 ba a gina ko rubu'in abin da aka tsara ba. A ganina, inda aka ajiye gidajen ya fi ƙarancinsu illa, don leburan da abincinsa ke kasuwa ba zai tare a daji ba.

A 1992 sojoji suka kafa dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta shigar, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Ma'ana, idan za a wajabta kason talaka a sabbin unguwanni, majalisar dokokin Kebbi ce za ta rubuta shi.

Gari kuwa bai jira ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da aka kafa a 2013, tana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, kuma inda ma'aikata da ɗalibai suka sauka, gona takan koma fuloti. Manomin Maruda ko wani ƙauye makamancinsa, ranar da aka karɓe gonarsa don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanadar masa ta shuka ce da gini. Ƙasar kanta ba ta cikin lissafi.