Yadda Siga Mai Ci Ta Riga 'Yar'uwarta Shiga Aji

Daga cikin mas'alolin nahawun Turanci da suka daɗe suna wahalar da malami da ɗalibi, da wuya a sami wadda ta kai ta rarrabe sigogin fi'ili biyu, watau sassauƙar siga wadda ake faɗin al'ada da tabbataccen al'amari da ita, da kuma siga mai ci, wadda ake liƙa wa -ing a wutsiya domin a nuna aikin yana gudana a daidai lokacin magana. Tsarin da ake bi wajen karantar da su kuwa yana da tarihinsa, da mazajen da suka yi ijtihadi a kansa, kamar kowane fanni.

Su kansu mutanen Ingila ba tun asali suka tsananta wannan ƙa'ida ba, domin a zamanin Shakespeare, wajen shekarar 1600, mutum yana iya tambayar wanda ya tarar da littafi a hannu abin da yake karantawa da sassauƙar siga, ba wanda zai ce ya ɓata luga. Sannu a hankali siga mai ci ta yi ta yaɗuwa, har a ƙarshen ƙarni na 18 ta shiga fi'ilin da ba a ambaci mai aikata shi ba, wanda malamanmu na Larabci ke kira majahuli. Wasu masanan ƙarni na 19 suka ɗauke ta bidi'a, suka yi ta inkari, jama'a kuwa ba su saurare su ba.

Amma asalin al'adar nan ta malami ya tashi ya nufi ƙofa yana faɗin abin da yake yi, yara suna amsawa, daga wani Bafaranshe ne mai suna François Gouin. Mutumin nan ya tafi Hamburg ta ƙasar Jamus neman Jamusanci, ya kulle kansa a ɗaki ya haddace littafin nahawu, daga bisani har ƙamus ya haddace, amma duk sa'ad da ya zauna a majalisin malamai sai ya ji kamar ana zuba masa ruwa a kunne. Da ya koma gida sai ya ga ɗan ɗan'uwansa, yaro ɗan shekara uku, wanda aka kai kallon wurin niƙan hatsi, ya dawo yana kwaikwayon aikin daki-daki, yana yi yana faɗa. Daga nan ya fahimci cewa harshe ta hanyar aiki yake shiga, ya kuma wallafa littafinsa a 1880. To, sai dai Faransanci bai raba sigogin nan biyu ba, saboda haka da aka juya darussansa zuwa Turanci a 1892 sai suka fito da sassauƙar siga, alhali kuwa Bature idan yana cikin tafiya ba da ita yake ba da labarin tafiyarsa ba.

Malaman Ingila da suka gaji wannan hanya su suka gyara ta. Harold Palmer, wanda ya zauna a Japan daga 1922 zuwa 1936 yana shugabantar cibiyar binciken koyar da Turanci a Tokyo, ya rubuta littafi sukutum a kan koyarwa ta hanyar aiki. Abokin aikinsa A. S. Hornby kuma, mai ƙamus ɗin nan na ɗalibai da Oxford ta buga a 1948, ya sa siga mai ci kafin sassauƙa a tsarin darussansa, bisa hujjar cewa ita ce malami zai iya nunawa ido ya gani ba tare da ya nemi tafinta ba. Hujja ce mai ƙarfi, domin ana iya nuna wa yaro buɗe ƙofa, amma ta yaya za a nuna masa "kullum"?

A ƙasarmu, makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take karantarwa, sai da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 Turanci ya sami gindin zama, aka kuma tsananta lafazi ƙwarai, kamar yadda duk wanda ya ji muryar Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibinta, zai shaida. Littattafan Oxford da suka biyo baya, na Lawrence Faucett da na F. G. French, su suka kai koyarwa ta baki da aiki azuzuwan midil da firamare.

A zahiri ɗan Bahaushe ya fi Bafaranshe sa'a a wannan babi, ya ma fi almajirin da ya dogara ga Ajurumiyya kaɗai, inda fi'ili bai wuce mali da mulari'i da amri ba, mulari'in kuma ya haɗa hali da istiƙbali. Domin ɗan Bahaushe tun yana goye ya san bambancin "ina rubutu" da "nakan rubuta". Amma iyakokin sigar a Hausa da Turanci ba su dace ba. Mu muna cewa "ina zuwa kasuwa kullum", da "ina so", da "ina da doki", duk da siga mai ci, alhali Bature ya hana ta a fi'ilan so da mallaka da sani. Kuma yaron da ya shafe watanninsa na farko yana jin -ing a kowace jumla, ga harshen uwarsa yana mara masa baya, me zai hana shi cewa I am having a horse? Hornby ya san da wannan, ya jera fi'ilan da ba su karɓar siga mai ci, amma jerin yakan zo ne bayan harshe ya riga ya saba.

Mutane da yawa sukan ɗora laifin gaba ɗaya a kan harsunanmu. Ni dai a ganina hukuncin bai cika adalci ba, tun da yake masana luga sun tarar da wannan ɗabi'a a Turancin Indiya da na Afirka ta Gabas, inda harsunan uwa ba su da dangantaka ta kusa da Hausa, amma littattafai da tsarin darasi daga gida ɗaya aka aika musu da mu.